Haɗin Kaya ko Haɗin Gambiza: Tsokaci a kan Ma'aunin Darajar Zanen Matasa a Birnin Sakkwato

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce ta tattauna wata matsala da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, mu da ke koyar da darasin zane a kwalejojin ilimi, watau yadda za a auna darajar irin zanen nan da matasa suka rungumi yinsa a birnin Sakkwato da kewaye, wanda ake haɗa fenti da fata da ƙyalle da yashi da tarkacen ƙarfe a kan fallen katako guda. Abin da ya zaburar da mu shi ne wani zama da muka halarta na duba ayyukan ɗaliban ajin ƙarshe. An jingine wani aiki a bango, malamai uku suka dube shi. Na farko ya ba shi maki mai tsoka, domin a cewarsa aikin ya nuna al'adunmu. Na biyu ya kusa kayar da shi, domin bai ga inda ɗalibin ya nuna iya zana siffa ba. Na uku kuwa ya ce ai irin wannan ne ake saye da tsada a Ikko, saboda haka a ɗaga masa. Aka tashi ba a daidaita ba, aka tara makin uku aka raba. Ɗalibi ya karɓi sakamakonsa, bai san abin da ya yi daidai ba, bai kuma san inda ya kauce ba.

Wannan ba ƙaramar hasara ba ce. Ɗalibin nan gobe shi ne malami a makarantar firamare ko ta sakandare, kuma da mudun da aka auna masa zai auna wa yara. Idan kuwa ya ɗauki zane sana'a, to, zai bi duk inda ya ga kuɗi sun fi saurin fitowa, ko da nan ne basirarsa za ta mutu. Ra'ayinmu a wannan takarda shi ne, darajar irin wannan zane tana rataye ne a kan aikin da kayan da aka haɗa suke yi a cikinsa, kuma birnin Sakkwato yana da masu sana'ar gado waɗanda suka daɗe da sanin yadda ake auna wannan. Za mu fara da batun suna da asali, mu rarrabe tsakanin farashi da daraja, mu kawo ma'aunai huɗu, sa'an nan mu gwada su a kan ayyuka uku da muka gani da idonmu.

2.0 SUNA DA ASALI

Turawa suna da sunan da suke kiran wannan nau'i na aiki, ma'anarsa a taƙaice ita ce zanen da aka gauraya kayan yinsa. Mun ji wasu abokan aiki suna fassara shi da "haɗin gambiza". Mu dai ba mu gamsu da wannan fassara ba, domin Bahaushe ba ya kiran abu haɗin gambiza sai ya ga an gama abubuwan da ba su dace da juna ba. Suna ne da ya riga ya yanke hukunci tun ba a shiga shari'a ba. Saboda haka muna ba da shawarar a kira nau'in baki ɗaya "zanen haɗin kaya", a ajiye "haɗin gambiza" domin wanda aka yi bai haɗu ba. Aikin mai tarke ke nan ya bambance su.

A tarihin zanen Turai, akan kai farkon wannan salo zuwa shekarar 1912 a birnin Faris, lokacin da Pablo Picasso ya manna wani ƙyalle mai ɗauke da hoton saƙar kujera a cikin zanensa, ya kuma zagaye zanen da igiya. A cikin wannan shekara abokinsa Georges Braque ya shiga manna takarda a kan nasa. A Nijeriya kuwa, ba za a manta da ƙungiyar ɗaliban zane da aka kafa a Zariya a 1958 ba, a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo sun yi kira da a gwama dabarun da aka koyo daga Turai da fasahar gida. Bayansu Jimoh Buraimoh, wanda ya fito daga horon da aka yi a Oshogbo a 1964, ya shahara da zanen da ake jera duwatsun ado a kan katako, dabarar da ya samo daga aikin kambun sarakunan Yarabawa. El Anatsui, mutumin Gana da ya fara koyarwa a Jami'ar Nsukka a 1975, ya ɗauki marafan kwalabe yana ɗinke su da wayar jan ƙarfe har su zama kamar shimfiɗeɗɗen mayafi.

To amma kada wannan jeri ya sa a ɗauka haɗin kaya baƙo ne a ƙasar Hausa. Baduku idan zai yi gafaka ko alabe ko tum-tum, yakan ɗora fata a kan fata, ya yanke ta sama domin launin ta ƙasa ya leƙo, ya bi da zare ko siririyar fata ya yi ado. Magini yakan kafa tasa a tsakiyar daurin guga, ya shafe bango da makuba, ya fitar da dagi a fuskar zaure. Mai zayyanar allon sauka yakan gama tawada da launuka a kan itace. Maɗinki yakan ɗora aska takwas a kan saƙi. Duk waɗannan haɗin kaya ne, kuma kowanne yana da ƙa'idar da ma'abotansa suke gane gwani da ita. Ashe ke nan yaron Sakkwato da ya manna jar fata a kan fenti gadon gida biyu ya ci, kuma gidajen biyu duka suna da haƙƙin su tambaye shi yadda ya yi da shi.

3.0 FARASHI DA DARAJA

Malamin nan na uku da ya kawo zancen Ikko ba ƙarya ya yi ba. Kamfanin Arthouse Contemporary ya fara gwanjon ayyukan zane a Ikko a 2008, aka kuma fara baje kolin Art X Lagos a 2016. A watan Fabrairu na 2018 an sayar da zanen Ben Enwonwu mai suna Tutu a Landan a kan kuɗi fam miliyan 1.2. A cikin wannan shekara aka sayar da wani zanen haɗin kaya na Njideka Akunyili Crosby, haifaffiyar Inugu, a kan dala miliyan 3.4 a Amurka. Waɗannan alƙaluma suna yawo a wayoyin ɗalibanmu, suna kuma shiga tunaninsu tun kafin su tsoma buroshi a fenti.

Abin lura shi ne, farashin gwanjo ba aikin kaɗai yake aunawa ba. Yana auna sunan mai zane, da wuraren da aka taɓa nuna ayyukansa, da dillalin da ke tsaye a bayansa, da yawan attajiran da suka nace sai sun mallaki aikin a wannan rana. Matashi mai tasowa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, balle wanda ke zaune kimanin kilomita 1,000 daga inda kasuwar take ci. A iya abin da muka gani a nan gida, masu sayen zane sun fi yawa daga cikin ma'aikatu da masaukan baƙi da masu neman kyautar da za a miƙa wa babban mutum a wurin biki. Ciniki kuwa akan yi shi ne a kan girman katako da yawan kayan da aka liƙa. Wanda ya fi lodi shi ya fi kuɗi. Idan malami ya ɗauki ɗaya daga cikin kasuwannin nan biyu ya mai da ita ma'auninsa, to, ya miƙa wa dillali alƙalaminsa.

Sakkwato ta taɓa ganin irin wannan. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda majema suke jemewa da bagaruwa su rina da karan dafi, fatake sun daɗe suna ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka. Da ta isa hannun Turawa sai suka laƙaba mata sunan Maroko, ƙasar da suka saye ta, masu ɗaurin littattafai suna ta yabon ƙwarinta. Suna da riba suka tafi inda aka yi ciniki, majemin da ya san sirrin aikin ba wanda ya ambace shi. Darajar fatar tana nan tun tana hannun majemi, kasuwa daga baya ta gano ta. Wannan darasi muke so masu auna zanen matasanmu su riƙe.

4.0 MA'AUNAI HUƊU

4.1 Larurar Kaya

Ma'auni na farko tambaya ce mai sauƙi. Mai kallo ya ƙaddara a ransa cewa an ɓamɓare abin da aka manna, an zana kamarsa da fenti a gurbinsa. Shin aikin ya rasa wani abu? Idan bai rasa kome ba, abin nan kwalliya ce kawai. Idan kuwa ya rasa, to, kayan suna faɗin wata magana da fenti ba zai iya faɗi ba. Marafan El Anatsui na kwalaben barasa ne, kuma barasa tana cikin hajar da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar Afirka ta Yamma tun zamanin cinikin bayi. Wannan tarihi a jikin marafan yake. Haka nan Ibrahim Mahama, ɗan Tamale ta arewacin Gana, wanda ya lulluɓe dogayen bangaye da tsofaffin buhunan garara a babban baje kolin Benis ta ƙasar Italiya a 2015. Buhunan sun ɗauki koko, daga baya suka ɗauki gawayi, suna ɗauke da faci da gumi da alamun 'yan kasuwa. Da sababbin buhuna ya sayo, da aikin ya zama labule.

4.2 Gwanintar Hannu

Ma'auni na biyu shi ne, duk wanda ya ari kayan wata sana'a ya yarda ma'abota sana'ar su duba aikinsa. Wanda ya sa fata a zanensa, ya iya kai shi gaban baduku ba tare da jin kunya ba. Baduku zai duba ko an rage kaurin bakin fata kafin a ɗora ta a kan 'yar'uwarta, ko ɗinki ya tafi bai ɗaya, ko an yanka da wuƙa mai kaifi ko an yi ta cizge da almakashi. Zai kuma gane jan karan dafi da baƙin kuloko da rawayar gangamau daga rinin kanti. Ba muna cewa dole kowane aiki ya fito sumul ba ne. Mai zane yana iya barin yage da kaushi da gangan. Sai dai mai tarke yana da damar ya nemi shaidar gangancin, kuma shaidar ita ce a sami wani ɓangare na aikin inda hannu ya nuna cewa da ya so gyarawa da ya gyara. Kaushin zaɓi daban yake da kaushin gazawa.

4.3 Ƙarko

Ma'auni na uku yanayin ƙasarmu ne ya wajabta shi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40 a ma'aunin zafi. Hunturu yakan zo da ƙura da bushewar da ke tsage katako, damina ta biyo da laima. Fata takan ƙanƙance ta kuma saki gwargwadon wannan sauyi, katakon da aka liƙa ta a kai kuwa ba ya tafiya tare da ita, saboda haka sai gam ya gaji ya saki. Takardar jarida takan yi ja ta ruɓe, ƙarfe ya yi tsatsa ya ɓata abin da ke gefensa, rinin itatuwa ya koɗe idan rana ta daɗe tana dukansa, gara kuma tana jiran kara da tabarma. Dukawa sun san wannan, shi ya sa suke dogara da ɗinki. Mai haɗin kaya da ya dogara ga gam kaɗai ya sayar wa mutum abin da ba zai ga hunturu uku ba. Gaskiya ne akwai ayyukan da aka nufa su lalace da tafiyar lokaci, wannan ma ra'ayi ne a fagen fasaha. Amma wajibi ne a gaya wa mai saye, a kuma rubuta a bayan aikin duk kayan da aka yi shi da su.

4.4 Amana

Ma'auni na huɗu ya shafi haƙƙin wasu. Da farko akwai haƙƙin mai sana'a. Idan rabin kyan aiki daga hannun baduku ko masaƙi ya fito, bai kamata mai zane ya sa hannu shi kaɗai ba, in ba haka ba ya maimaita abin da aka yi wa majeman da. Na biyu akwai haƙƙin kayan tarihi. Sakkwato gari ne na rubuce-rubuce tun daga zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Nana Asma'u. Tsohuwar takardar da aka tsinta a gafakar kaka wurinta yana hannun masu adana tarihi, irin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, kuma doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izini ba. Wanda ya yage irin wannan takarda ya manna a zane ya ɓata abin da ba a iya mayarwa. Na uku akwai ladabi ga rubutu mai tsarki. Zane haja ce, mai yinsa bai san bangon da za a rataye shi ba, ko ƙasan da za a yar da shi. Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda ya tashi a gidan malamin allo, ya nuna cewa ana iya ɗaukar lanƙwasar harafin Larabci a gina siffa da ita ba tare da an rubuta aya ba. Wannan hanya ta ishi matasanmu.

5.0 GWAJI A KAN AYYUKA UKU

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ayyukan da za mu kawo na matasa ne da ba su daɗe da barin makaranta ba, kuma mun sakaya sunayensu domin tarken aiki muke yi.

Aiki na farko babba ne, tsawonsa ya kai tsayin mutum. A tsakiya an manna dagi na jar fata, an zagaye shi da wuri. A ƙasa an zana mahaya dawaki da fentin mai, a sama an liƙa ɓarin ƙwarya da guntun faifai. Duk wanda ya shigo zauren nan ya fara tsayawa. Da muka yi masa tambayar farko sai muka ga za a iya zana dagin da wurin da ƙwaryar da fenti ba a yi hasarar kome ba, domin aikinsu ɗaya ne, watau su sanar da mai kallo cewa wannan kayan Arewa ne. Babu abin da ya haɗa wurin da dawakin, babu abin da ya haɗa faifan da dagin, illa dai duk a kasuwa ɗaya aka sayo su. Dagin ma daga jikin tum-tum aka yanko shi, aikin wani baduku ne da ba a ambata ba. Abin takaici, dawakin an zana su da kyau ƙwarai, ƙurar da ke tashi ƙarƙashin kofatai tana da rai, amma lodin da aka yi musu a ka ya danne su. Da muka sake ganin aikin bayan hunturu biyu, bakin fatar ya naɗe, wuri da dama sun zube. Wannan shi ne haɗin gambiza, kuma mai shi gwanin fenti ne da aka ruɗe shi ya bar abin da ya iya.

Aiki na biyu wata matashiya ce ta yi shi, a kan ambaliyar watan Satumba na 2010, lokacin da Gulbin Rima ya cika ya batse, ya cinye ƙauyuka da gonaki, ya karya gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ba ta zana ruwa ba, ba ta kuma zana mutum ko ɗaya ba. Ta ɗebo laka daga bakin gulbin ta kwaɓa da gam ta shafe kashi biyu cikin uku na katakon. A inda lakar ta tsaya akwai miƙaƙƙen layi, irin wanda ruwa yake bari a bangon ɗaki bayan ya janye. Sama da layin farar ƙasa ce tas. A cikin lakar an binne guntun tabarmar kaba da yankin kwanon rufi, rabinsu a waje. A nan tambayar farko ta sami amsa mai ƙarfi, domin lakar nan ita ce ainihin abin da ya shiga ɗakunan mutane, fenti mai ruwan ƙasa ba zai tsaya a gurbinta ba. Mun ga wani dattijo ya tsaya ya ɗora hannu a ƙirjinsa daidai tsayin layin, bai ce uffan ba. Amma aikin yana da aibi biyu. A kusurwar dama an manna silifa na ƙaramin yaro, wanda yake umartar mai kallo ya yi kuka, alhali layin ya riga ya gama magana. Sa'an nan gam ɗin bai ishi lakar ba, tana zuba kaɗan-kaɗan a ƙasa. Duk da haka muna ganin wannan haɗin kaya ne na gaske.

Aiki na uku shi ne mafi ƙanƙanta. Mai shi ya je rumfar dukawa ya roƙi ragowar fatar da ake sharewa bayan an yanke takalma da alabe da kube. Kowane guntu yana ɗauke da gurbin abin da aka cire daga jikinsa, nan tafin takalmi, can bakin kube. Ya jera su ja da baƙi da rawaya bisa tsarin zayyanar allo, gida-gida, ya bar gurabun a buɗe, har mai kallo ya riƙa ganin kayan da ba sa nan. Ba a yi amfani da gam ba ko kaɗan. Shi da wani yaron dukawa suka ɗinke guntayen a kan ƙyalle mai kauri, sunayensu biyu suna rubuce a baya tare da jerin kayan aiki. Wannan ya ci ma'auni na biyu da na uku da na huɗu ba gardama. Ya ci na farko ma, domin maganarsa a kan hannayen da ba a gani ce, kuma da abin da hannayen suka bari ya yi ta. Inda ya gaza shi ne fentin. Ya shafe bayan da kore mai sheƙi, wanda yake leƙowa ta cikin gurabun yana kokawa da lafiyayyen jan karan dafi. Da ya bar ƙyallen da launinsa na asali, ko ya nemi korino wurin abokan aikinsa, da ba mu sami abin cewa ba.

Daga cikin ukun nan, na farko ne aka fara saye, kuma shi ya fi kuɗi nesa ba kusa ba. Na biyu ya koma gida da mai shi. Wannan ya isa misalin tazarar da ke tsakanin farashi da daraja, ya kuma nuna dalilin da ya sa shirun masu tarke yake da illa. Idan ba a sami wanda ya gaya wa matashiyar nan da hujja cewa aikinta ya fi ba, baɗi ita ma za ta sayo wuri.

6.0 WASU ƘORAFE-ƘORAFE

Mai yiwuwa wani ya ce fasaha ba ta son dabaibayi, kuma kafa ma'auni tauye basira ne. Amsarmu ita ce, ana aunawa ko mun so ko mun ƙi. Malami yana ba da maki, mai saye yana taya kuɗi. Abin da muke nema shi ne a fito da mudun fili kowa ya gan shi, domin wanda aka auna wa ya sami damar yin gardama. Wani kuma zai ce mai da baduku alƙali koma-baya ne, domin baduku bai san abin da ake ciki a Landan ba. To, ba mu ce shi zai yanke hukunci a kan ma'anar aiki ba. Fagensa fata ne da ɗinki da rini, a nan kuwa babu digirin da ya kai shi. Akwai kuma masu ganin matasanmu sun fake da haɗin kaya ne domin su guje wa saɓanin malamai a kan zana abu mai rai. Ko da hakan ne ga wasunsu, ba aibi ba ne. Zayyana da dagi da adon riga duk a cikin wannan iyaka suka girma, kuma aiki na biyu da muka kawo ya ba da labarin mutane ba tare da ya zana fuska ba. Abin da ba za mu karɓa ba shi ne a fake da shi domin a ɓoye rashin iya zane, saboda haka muna goyon bayan malamin nan na biyu a kan cewa a ci gaba da koyar da zanen siffa da tsarin launi da muhimmanci.

7.0 KAMMALAWA

A wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa zanen haɗin kaya yana da tushe biyu, na waje da na gida, kuma farashinsa a kasuwa ba ya bayyana darajarsa. Mun kawo ma'aunai huɗu, watau larurar kaya da gwanintar hannu da ƙarko da amana, muka gwada su a kan ayyuka uku. Daga nan muna ba da shawarwari kamar haka. Na ɗaya, sassan koyar da zane su riƙa tura ɗalibai wurin majema da dukawa da magina su yi makonni suna koyo, a kuma biya masu koyarwar. Na biyu, a rubuta ma'aunin maki a ba ɗalibi tun farkon zango, kowane maki ya zo da dalilinsa a rubuce. Na uku, a buɗe kundin ajiye hotunan ayyukan ɗalibai da bayanin kayan da aka yi su da su, a riƙa komawa ana duba halin da suke ciki bayan shekara biyu ko uku. Na huɗu, wajen sa kuɗi a fara lissafa kayan aiki da kwanakin da aka ɓata da rabon mai sana'ar da ya taimaka, kafin a zo ga abin da basira ta cancanta. Na biyar, a riƙa shirya nuni na shekara-shekara a cikin gari, a kuma rubuta tarkensa da Hausa domin iyaye da masu saye su karanta. Ibrahim Mahama da muka ambata ya koma Tamale ya buɗe cibiyar nunin fasaha a 2019, bai jira sai an kawo masa daga babban birni ba.

Ba mu ce ma'aunan nan huɗu sun game kome ba. Alal misali, ba mu taɓo batun ayyukan da ake haɗawa da hoton kyamara ko na kwamfuta ba, waɗanda su ma sun fara bayyana a hannun ɗalibanmu, kuma suna bukatar nazari na musamman. Muna fata mahalarta wannan taro, musamman masana harshe, za su duba kalmomin da muka yi amfani da su, su gyara inda ya kamata, domin a samu daidaitattun kalmomin tarken zane da za a riƙa koyarwa da su a kwalejojinmu.